Tsofaffinmu a Gombe: wa ke riƙe da su, kuma ina hukuma ta tsaya?

Duk sanda aka ɗauko maganar kula da tsofaffi a garin nan, kafin ka rufe baki wani zai ce maka ai mu ba Turawa ba ne, mu ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi, shikenan an kashe zancen kowa ya ji daɗi an watse. To ni kam ban ce ƙarya ba ne, ba ma kaiwa ɗin, kuma Allah kada ya nuna mana ranar da za mu fara, amma wannan amsa ce ta tambayar da ba wanda ya yi. Abin tambaya shi ne dattijon nan da ke gida, daga ya idar da asuba har zuwa isha'i me yake yi da wuninsa, wa yake hira da shi, wa yake auna masa jini, in ya kwana biyu bai fito ba wa zai fara lura, sannan kuɗin maganinsa na wata-wata daga aljihun wa yake fita. In ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya za ka ga abin ya fi ƙarfin "muna girmama na gaba".

Farko ma dai waye tsoho a wajen hukuma? Nan ma akwai rikici. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya in ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa, malaman makaranta kuma dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 ko shekara 40 na aiki. Manufar ƙasa kan tsufa da majalisar zartarwa ta amince da ita a 2021 daga 60 take farawa, amma dokar da ta kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, wadda Buhari ya sa wa hannu a farkon 2018, ita daga 70 ta ɗauka. Kenan mutum mai shekara 64 a wata takarda tsoho ne a wata kuma da sauransa. Ka haɗa da cewa yawancin kakanninmu ba su da takardar haihuwa, shekarun da ke jikin katin NIN ɗinsu kintace ne aka yi a wajen rajista (shi ya sa za ka ga rabin tsofaffin unguwa duk 1 ga Janairu aka haife su), ƙidayar ƙarshe kuma tun 2006 aka yi ta. Ƙiyasin da ake yawo da shi dai 'yan 60 zuwa sama wajen kashi 5 cikin ɗari ne na 'yan Najeriya. Kashi kaɗan ne, kuma wannan ƙarancin na daga abin da ya sa ɗan siyasa bai cika damuwa da su ba, amma kashi 5 na mutum sama da miliyan 200 ai mutane ne sama da miliyan 10.

Ita wannan cibiya ta dattawa sai a 2021 aka naɗa mata shugabanci ta fara aiki, tana Abuja. Ka tsaya a Jekadafari ko Bolari ko Pantami ka tambayi dattawa goma ko sun taɓa jin sunanta ka ji amsa.

Matsalar tsarin gwamnati gaba ɗaya ita ce takarda yake bi ba mutum ba. Wanda ya yi aikin albashi yana da fayil, yana da lamba, saboda haka ana ganinsa ko da ba a biya shi ba. Dokar fansho ta 2004 zamanin Obasanjo ta kawo tsarin tara-da-kanka, aka gyara ta a 2014 aka ce ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 8 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, na sa ido. Jihohi kuwa kowace da nata tafiyar, shi ya sa bashin giratuti ya taru shekara da shekaru a Gombe da Bauchi da sauran maƙwabta, ana biya kashi-kashi, wani ya ga nasa wani sai magada. Ga tantancewa, wadda duk ɗan fansho ya san ta: a taso mutum daga Nafada ko Balanga da ciwon gwiwarsa ya zo ya nuna cewa yana raye. Ban ce kada a tantance ba, fanshon bogi gaskiya ne akwai shi, amma a zamanin da waya ke ɗaukar hoton fuska da zanen yatsa ba dalilin da zai sa mai shekara 80 ya wuni a layi.

To duk da wannan wahalar, ɗan fansho shi ne ɗan gata a cikin tsofaffi. Manomin Dukku da ya shekara hamsin yana riƙe da fartanya, da ɗan dako a Tudun Hatsi, da tsohuwa mai daddawa ko ƙuli-ƙuli, da makiyayin da shanunsa suka ƙare, waɗannan ba su da fayil a ko'ina, fanshonsu 'ya'yansu ne, in 'ya'yan na da shi. An ƙaddamar da ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu a 2019, abu ne mai kyau ga mai shekara 30 da zai iya ajiye ɗan wani abu, amma wanda ya riga ya tsufa ba abin da zai tsinta a ciki.

Abin da ke riƙe da tsofaffin nan a zahiri ba shi da ofis ba shi da allon suna, shi ya sa ba a lissafa shi. Majalisar ƙofar gida ko gindin dalbejiya, inda ake shimfiɗa tabarma bayan la'asar a kunna rediyo a yi gardamar siyasa da farashin taki. Sahun gaba a masallacin unguwa, inda kowa ya san wajen tsayuwar kowa, in Malam wane bai zo asuba ba bai zo azahar ba kafin magariba an aika yaro ya dubo. Karatun zaure tsakanin magariba da isha'i. Islamiyyar matan aure, wadda in ka leƙa za ka tarar da kaka mai shekara 65 tana haɗa baƙi kusa da sa'ar jikarta, wata sai a wannan shekarun take sauke Alƙur'ani a yi mata walima. A kudancin jiha, su Billiri da Kaltungo, da cikin garin Gombe ma, Zumuntar Mata a coci na yin irin wannan aikin, su je gaida marar lafiya su tara wa gwauruwa hatsi. Ga adashi, ga suna da biki da zaman makoki, ga sulhun aure da rabon gado da shaidar iyakar gona waɗanda ba a yin su sai da dattijo. A ƙasashen da suka ci gaba kuɗi ake warewa a gina cibiya a ɗauki ma'aikata don a samar da irin wannan haɗuwar, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a 2023 kan kaɗaici saboda yadda yake cin lafiyar mutane. Mu kam muna da shi kyauta, sai dai yana da sharaɗi guda: sai kana iya tashi ka je da ƙafarka.

A nan ne abin yake tsinkewa, kuma a nan nake so a fi tsayawa. Ranar da gwiwa ta ƙi, ko yanar ido ta rufe gani, ko kunne ya yi nauyi, ko fitsari ya fara kufcewa mutum ya fara jin kunyar shiga jama'a, ranar majalisa da sahu da Islamiyya suke yankewa gaba ɗaya a lokaci guda. Satin farko za a yi ta sintiri ana sannu Baba, ya jiki Baba, wata biyu sai ƙafa ta ɗauke, saura 'yan gaisuwar Juma'a. Abin haushin kuma da yawa cikin abubuwan da ke zaunar da tsoho a ɗaki suna da gyara mai sauƙi. Aikin yanar ido ba ya ɗaukar dogon lokaci, mutumin da aka shekara ana ja masa sanda sai ka ga ya koma kasuwa. Hawan jini in ana aunawa ana shan magani kullum ba sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ba, amma mu sai kai ya yi ciwo ake zuwa kemis a sayi na kwana uku a daina. Bayan gida na tsuguno ga mai ciwon gwiwa azaba ne, kuma a banɗaki ne tsofaffi da yawa ke faɗuwa su karye a ƙugu, alhali kujera mai rami da ƙarfen kamawa a bango kowane mai walda zai haɗa maka. Dakalin ƙofar masallaci mai tsayi, da wajen alwala mai santsi, su kaɗai sun isa su hana wani jam'i.

Wani abin da na lura da shi, tsohon da ya fi shiga kaɗaici ba lallai talakan cikin gari ba ne. Sau da yawa tsohon darakta ne ko babban sakatare da ya gina gida a sabuwar unguwa, katanga mai tsawo, get ɗin ƙarfe, maƙwabci bai san maƙwabci ba, yara ɗaya na Abuja ɗaya na Legas ɗaya na ƙasar waje suna turo alat duk wata. Jiya direba da masu jiran ganinsa, yau wayarsa sai ta wuni ba ta yi ƙara ba. Shi kuɗin magani bai dame shi ba, wanda zai zauna ya ce masa Alhaji ka ji abin da ya faru shi ne babu. Su kuma mata nasu daban ne. Tsohuwa ba ta rasa abin yi, raino ne, surfe ne, tsaron gida ne, wata ma ita ke riƙe da marayun ɗanta ko 'ya'yan 'yarta da aka sako, musamman tun da rikicin Boko Haram ya turo dubban iyalai daga Borno da Yobe suka zauna a Gombe da Bauchi. Kenan a shekarun da ya kamata a riƙa yi mata, ita ce ke yi.

In jinya ta zo kuma, "mu muna kula da iyayenmu" ɗin nan in ka buɗe shi mace ɗaya za ka tarar a ciki. Ko suruka, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko ƙaramar matar dattijon. Ita ce wanki, ita ce juya shi kar bayansa ya yi gyambo, ita ce tashin dare, ba wanda ya taɓa koya mata yadda ake ɗaga mutum ba tare da ta ɓata bayanta ba, ba ranar hutu, 'yan'uwa maza kuma su shigo da leda su ce Allah ya ba da lada su fita. Ayar da ta ce kada ka ce musu ko "uf" ai ba suruka kaɗai aka saukar wa ba.

Sai gigin tsufa. Tsohuwa ta fara manta sunan 'ya'yanta, ta ce an sace mata kuɗi, ta fita tsakar dare ta ce za ta gidansu, ko ta riƙa ambaton waɗanda suka mutu kamar suna nan. Wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne, likitoci sun san shi, ko da ba a warkar da shi akwai yadda ake lallaɓa mai shi. Amma a wasu wuraren daga an ji irin wannan maganar a bakin tsohuwa marar gata sai a fara raɗe-raɗin maita, kuma mun san inda irin wannan raɗe-raɗin yake kaiwa. Wannan kam aikin malamai ne da limamai da fastoci da gidajen rediyo, su faɗa su maimaita.

Ta ɓangaren asibiti akwai ɗan motsi, ba za a ce babu ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu na masu rauni wanda tsofaffi na ciki. A Gombe hukumar inshorar lafiya ta jiha, GoHealth, ce ke rajista, a Bauchi BASHCMA, kuma tsarin shi ne kowace gunduma ta samu asibitin matakin farko guda da ke aiki, Gombe na da gundumomi 114. Amma gurbin kyauta yana da iyaka, kuma tsohon da ke kwance a ɗaki ba zai ji sanarwa ya je ya bi layi ba, sai in wani nasa ya tsaya masa. In kana da tsoho a gida, ka je asibitin gundumarku ka tambaya ko ana rajistar masu rauni, ka tafi da NIN ɗinsa, tambaya ba ta cin kuɗi. Likitancin tsofaffi kansa fanni ne daban, don tsoho yakan zo da ciwo uku huɗu a haɗe da magunguna masu karo da juna, kuma cibiyar farko ta irin wannan a Najeriya sai 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan, ka ga kenan abin sabo ne a ƙasar baki ɗaya.

Maganar karatu fa? Wasu in ka ce ilimin tsofaffi dariya suke, wai me zai yi da shi. Sun manta cewa Arewa ta taɓa yin gagarumin yaƙi da jahilci a shekarun 1950, manya da gemunsu suna zama ajin yamma suna koyon karatu da rubutu da boko, Kano kuma ta sake ɗaga abin a 1980 zamanin Abubakar Rimi da hukumar ilimin manya har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Har yau jihohi na da irin waɗannan hukumomi, ga jami'ar karatu daga gida NOUN da ke da cibiya a Gombe da Bauchi ga wanda ya yi ritaya yana son ƙarin digiri. Amma jahilcin da ke cutar tsoho yau na waya ne. Kowa ya tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, yadda dattawa suka riƙa wuni a ƙofar banki, mai kuɗi a hannu an ce sun kusa daina aiki, mai kuɗi a asusu ya kasa cira, aka ce kowa ya koma tiransifa alhali mutum ko saƙon tes ba ya iya buɗewa. Daga nan ne da yawa suka miƙa katin ATM da lambar sirri ga jika ko mai POS na bakin layi, wani amana wani kuma Allah ya kyauta. Ga 'yan damfara masu kira su ce daga banki ne za a rufe asusunka kawo BVN da lambar da aka turo maka yanzu. Ajin da zai koya wa dattijo abu huɗu kacal, duba saura nawa a asusu, gane alat na gaske, tura saƙon murya a WhatsApp, da cewa banki ba ya taɓa kira ya nemi lambar sirri, wallahi ya fi masa buhun shinkafar da ake rabawa a ɗauki hoto. Kuma ba sai an gina aji ba, minti ashirin bayan an tashi Islamiyya ko bayan karatun zaure ya isa, ɗalibai 'yan jami'ar jiha ko na jami'ar Kashere da ke hutu za su iya koyarwa.

Sannan karatun ba hanya ɗaya yake bi ba. A Faransa aka fara abin da suke kira jami'ar tsofaffi a birnin Tulus a 1973, da abin ya isa Ingila sai suka juya shi ya zama tsofaffin ne ke koyar da junansu, wanda ya san tarihi ya koyar, wanda ya san lissafi ya koyar. Japan kuma tun shekarun 1970 suke da cibiyoyin da ke nemo wa masu ritaya ƙananan ayyuka na 'yan awoyi. Mu nan a kowace unguwa akwai tsohon hedimasta, tsohuwar nas, tsohon malamin gona, tsohon alƙali, suna zaune, ga kuma yara 'yan aji shida da ba sa iya karanta sunansu, ga matasa da ke shiga noma ba su san lokacin zuba taki ba. Tsohuwar nas ɗin nan da na'urar awon jini guda ɗaya za ta iya duba majalisa biyar a sati. Haɗa su ne kawai ba wanda ya ɗauka aikinsa ne.

Kuɗi kuma, a nan ra'ayina a fili yake: ɗan kaɗan da ke zuwa kowane wata ya fi mai yawa da ke zuwa sau ɗaya. Shirin uwargidan shugaban ƙasa na raba wa tsofaffi 250 a kowace jiha tallafi a ƙarshen shekara, wanda ya samu ya ji daɗi, amma 250 a jiha mai ƙananan hukumomi 11, ko Bauchi mai 20, ka raba ka gani. Ekiti ta gwada biyan 'yan 65 zuwa sama marasa galihu naira 5,000 duk wata a 2011. Lesoto, ƙaramar ƙasa da ba ta kai mu arziki ba, tun 2004 take biyan 'yan 70 zuwa sama, Zanzibar ta fara a 2016, Kenya ta faɗaɗa nata a 2018. Amfanin na wata-wata shi ne mai kemis zai yarda ya ba da bashi, kuma tsohon da ke da ɗan abin sayen goro da sabulu da ba jika na alawa ba a kallonsa a matsayin kaya a gida. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin magani da na Keke zuwa asibiti suka ninka, ɗan da ke ɗauke da gidansa da gidan mahaifinsa a albashi ɗaya shi ma a wuya yake.

Wani abin dariya, ranar tsofaffi ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1 ga Oktoba ce, ranar 'yancin Najeriya, kuma ranar da aka ƙirƙiro jihar Gombe daga Bauchi a 1996. Biki uku rana ɗaya, ka san wanda za a manta.

Kafin gwamnati ta motsa, zakka da waƙafi na nan, kuma Gombe ba baya ba ce a wannan harkar, akwai masu tattarawa da rabawa a tsare. Abin da ya rage shi ne a daina rabon ido, a koma rabon rajista. Mai unguwa da liman da shugabar Islamiyya ko ta Zumuntar Mata in suka zauna awa ɗaya za su rubuto sunan duk tsohon da ke unguwar, wa ke kwance, wa ke zaune shi kaɗai, wa ke shan maganin suga, wa ke riƙon marayu, wace mata ce ke jinya ita kaɗai tana buƙatar wanda zai karɓe ta ko na wuni ɗaya a sati. Da wannan takardar za a je wajen GoHealth a nemi gurbi, da ita za a kai suna in masu aikin ido kyauta sun zo gari, da ita za a ce wa attajirin unguwa Alhaji ga mutum bakwai, maganin hawan jininsu na shekara kaza ne, ka ɗauki uku. Kuma a kai musu har ɗaki, da daddare in da hali, don akwai dattijon da zai gwammace ya kwana da yunwa da a kira sunansa a lasifika ya fito gaban 'ya'yan cikinsa ya karɓi ƙullin garin masara.